Yadda za a kai iyali sansanin Fort Bowie a Arizona

Cikin tsofaffin sansanonin sojan Amurka na zamanin yaƙi da 'yan Apache, wata ƙabila ta mutanen asalin ƙasar, Fort Bowie ne ya fi bukatar shiri, domin galibi mota ba ta kai mutum bakin kufai. Ana ajiye ta a gefen Apache Pass Road, hanyar da ba kwalta a ƙarshenta, sannan a taka ƙafa kilomita 2.4 zuwa, a taka wasu 2.4 a dawo. Shiga kyauta ne.

A tashi da sassafe, musamman daga Yuni zuwa Agusta. Wurin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, inuwa kuma ba ta da yawa, don haka kowa ya riƙe ruwansa, aƙalla lita ɗaya ga yaro, babba fiye da haka, da hula da takalmi rufaffe. Silifas kuskure ne: hanyar duwatsu ce da ƙaya, ga macizai masu kaɗa jela. Daga Yuli zuwa Satumba hadari kan taso da rana, busassun kwazazzabai su cika da ruwa cikin mintuna, hanyar mota ta koma taɓo. In sama ta yi baƙi, a juya.

Tafiyar ita ce darasin, kada a yi ta da gudu. Za a wuce kangon tashar keken doki ta kamfanin jigilar wasiƙu na Butterfield, da makabarta inda kabarin ƙaramin ɗan Geronimo, jagoran yaƙin Apache, yake, sannan maɓuɓɓugar Apache Spring. A tsaya nan a nuna wa yara ruwan, ɗan siriri ne ƙarƙashin itatuwa, amma kansa aka gwabza a Yulin 1862 tsakanin sojoji da mutanen Cochise, wani shugaban Apache, kuma don tsare shi aka kafa sansanin a shekarar. Sansanin nan aka kawo Geronimo bayan ya miƙa wuya a 1886, aka kuma watse daga wurin a 1894.

Bangon da ya rage na tubalin laka ne, hawa kansa yana rushe shi. Ɗaukar tsohon harsashi ko fasasshen kwano laifi ne a dokar tarayya, a gaya wa yara tun a mota.

Iyalin da ke da tsoho ko jariri gara su nufi Fort Verde a garin Camp Verde, inda gidajen hafsoshi ke tsaye da kayansu, mota kuma tana isa har ƙofa.