Yadda ake mayar da layukan E1 kan IP ba tare da kira ya lalace ba

In an ɗora maka aikin ɗauke kiran murya daga tsohuwar na'urar haɗa kira zuwa hanyar IP, wato tsarin da intanet ke aika bayanai ƙunshi-ƙunshi (fakiti), fara da takarda da biro kafin ka taɓa waya ko ɗaya. Layin E1, wato layin dijital da ke haɗa na'urorin kira na kamfanoni, yana ɗaukar megabit 2.048 a daƙiƙa, an kasa shi gida 32, kowane gida kilobit 64. Gida na 0 na daidaita tsarin layin ne, na 16 galibi na sigina, sauran 30 su ne na magana. A tsarin SS7, wanda na'urorin kira ke aika wa juna sigina da shi, kowane gidan magana yana da lambar shaidarsa, wato CIC, kuma dole lambar ta zo ɗaya a wurinka da wurin kamfanin da kuke haɗe. Rubuta su kaf, ka tura wa takwaranka na can ya duba ya sa hannu. In ta goce da gida ɗaya tak, waya za ta yi ƙara, a ɗauka, sai shiru, ko mutum ya ji muryar baƙo. Na ga an kwana ana zargin na'ura sabuwa fil a kan wannan.

Duba ko wayarku mai ohm 75 ce ko 120, ku kuma yi magana ɗaya a kan CRC-4, tsarin gano kuskure a layin: ko a kunna ko a kashe. Murya a saka ta a tsarin juya murya zuwa lambobi na G.711 A-law, wanda muke amfani da shi a nan da Turai. Ɗan'uwansa µ-law na Amurka da Japan ne.

Abin da ya fi damuna shi ne agogo, don shi ake mantawa. Tsohon tsari yana tura firam, wato zagaye ɗaya na gidajen nan 32, sau 8000 a daƙiƙa, kuma kowace na'ura tana bin bugun ta gaba da ita. Hanyar fakiti ba ruwanta da wannan bugun. In na'urar MGW, wadda ke juya murya zuwa fakiti, ta tsaya a kan agogon cikinta, za ta riƙa zubar da firam ko maimaita shi jefi-jefi. Kunne ba zai ji komai ba sai ɗan ƙas, amma fas (na'urar aika takarda ta layin waya) da modem za su riƙa yankewa, kuma ba wanda zai kawo maka ƙara sai bayan mako. Ka ba ta agogo daga E1 mai tushe nagari, ko GPS, ko SyncE ko PTP (hanyoyin isar da agogo ta hanyar fakiti), ka sa na biyu a ajiye. Sannan ka share ma'aunin zamewar firam, ka bar shi ya kwana, da safe ka gan shi a sifiri kafin ka ci gaba.

Wajen lissafin faɗin hanya kada ka yi da kilobit 64 na kowane kira. Fakitin milisakan 20 yana ɗauke da bayit 160 na murya, ga kawunan RTP da UDP da IP, wato bayanan jagora da ake liƙa wa kowane fakiti, sai kira ɗaya ya kai kilobit 80, kusan 87 a kan Ethernet. Yi wa fakitin murya alamar fifiko ta EF, wato DSCP 46, ka bi na'ura-na'ura ka tabbatar ba a goge ta a hanya. Jinkiri daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150, kamar yadda ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya (ITU) ta shawarta.

Ranar ƙaura, zaɓi tsakar dare, kuma don Allah ka guji jajibirin Salla. Toshe lambobin CIC na E1 ɗaya, jira masu hira su ajiye, mayar da shi kan sabuwar na'ura, buɗe. Kira ciki da waje, danna lambobi ka ga ko na'urar amsa kira tana gane su, tura fas, gwada lambar gaggawa 112. In ya yi, sai na gaba. Tsohuwar na'ura kuwa a bar ta a kunne da wayoyinta a jere da lakabi, har sai lissafin kuɗin kira na ƙarshen wata ya dace da na ɗaya kamfanin.