In an ci kuɗinka da cakin jabu, ga yadda za ka bi bankin da ya karɓe shi

'Yan kasuwarmu na Kebbi, musamman masu shinkafa a Argungu da masu albasa a Aliero da har yanzu ake biya da cak, don Allah ku san wannan. Yawanci cakin da aka saka a asusu bankuna biyu ne a ciki, akwai wanda ya biya akwai wanda ya karɓa ya zuba ma mutum a asusunsa. Mutane sai su yi ta rigima da na farko su manta da na biyu alhali sau da yawa nan ne aka yi sakacin.

Dokar da ta shafi cak, wato Bills of Exchange Act, sashe na 24, ta ce sa hannun jabu ba ya ba kowa haƙƙi a kan cak. Wato in sa hannunka aka kwaikwaya, bankinka bai da hurumin cire ma kuɗi. Shi kuma bankin da ya karɓi cak daga hannun wanda ba mai shi ba, kariyar da doka ta ba shi tana da sharaɗi, sai ya nuna da zuciya ɗaya ya yi kuma bai yi sakaci ba. Shi zai nuna hakan, ba kai ba.

To ranar da ka gano, kar ka tsaya kiran wani ɗan'uwa da ke aiki a banki. Je ka reshen bankinka da kanka ka kai takardar koke a rubuce, a buga ma hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Maganar baki da manaja ba ta zuwa ko'ina wallahi. Nemi sitatimen da hoton cakin gaba da baya, suna da shi tunda yanzu hoton ake turawa tsakanin bankuna.

Sai ka zauna da lauya ku duba inda sakacin yake, nan ne aikin. An rubuta cak da sunan kamfani amma aka zuba shi asusun mutum ɗaya? An ja layi biyu an ce sai asusun mai suna amma aka saka ma wani? Akwai gogewa ko gyara a wurin suna ko adadi wanda ido ke gani? Asusun sabo ne, ba a tantance mai shi ba, bai saba ganin ko dubu hamsin ba kwatsam ga miliyoyi kuma ba wanda ya ɗaga waya ya tambaya? Kowanne daga cikin waɗannan hujja ce babba.

Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC, amma kama ɓarawo daban, bin banki ya biya ka daban, kar a ce maka jira sai an kama shi.

In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, rubuta ma sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na CBN, wato Babban Bankin Najeriya, suna da reshe a Birnin Kebbi, ka haɗa da kwafin kokenka mai hatimi. In nan ma shiru, sai kotu, kuma kar ka ja lokaci don ƙara tana da wa'adi. Sannan bankin zai nemi laifinka, in ka saba sa hannu a cak ba adadi ka bar ma yaron shago, ka faɗa ma lauyanka tun farko kafin su su tono.