In Hoton Nono Ya Nuna Wani Abu, Ga Abin Yi

'Yar'uwa, in an ce sakamakon hoton nono bai fito daidai ba, kar hankalinki ya tashi, galibi ba cutar kansa ba ce. Duba lambar BI-RADS a takardar sakamakon, wato lambar da likita ke sawa don nuna matakin abin da aka gani a hoton. 0 na nufin a ƙara hoto ko sikanin, 3 ki dawo bayan wata 6, amma 4 ko 5 sai an ɗebi ɗan nama da allura an auna, kuma wallahi allurar nan ba ta watsa ciwo kamar yadda ake ta yaɗawa a gidan suna.

Kwashi takardunki har da tsoffin hotuna, ki yi sammako zuwa asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, duka a Legas, in daga Agege kike kin dai san gosulo. Ki tafi da wata ta taya ki sauraron likita, kafin ku fito ki tambayi ranar karɓar sakamako.