Masu amosanin ƙashin baya, ga dabarar gorar ruwan ɗumi

Salamu alaikum 'yan uwa.

In tsakanin kafaɗunku yana ƙagewa da asuba, musamman in hunturu ya kama Katsina, ku gwada wannan kafin ku sake sayen man zafi.

Ku cika gorar roba da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Ku naɗe ta da tawul, ku jingina bayanku a kai minti 15 zuwa 20. Daga nan ku miƙe, ku riƙa ja da kafaɗu baya a hankali kuna shaƙar numfashi sosai.

Ga dalili. Ƙasusuwa 12 ne a wannan sashe na gadon baya, kuma haƙarƙari a jikinsu yake maƙale. In amosani ya taɓa gaɓoɓin, naman da ke kewaye sai ya ɗaure don ya kare wurin, kuma sau da yawa ɗaurewar nan ce ke yin zogin. Ɗumi yana sassauta shi, motsi kuma yana hana gaɓoɓin sandarewa.

Sunkuyo yana mayar da aikin baya. Teloli da masu doguwar hira a waya, ku riƙa ɗago kai kuna miƙewa duk bayan rabin awa.

Dabarar ba ta warkar da amosanin, sauƙi kawai take kawowa. Masu ciwon suga ku kula da zafin gorar da kyau, fatarku na iya ƙonewa ba ku ji ba.

In akwai zazzaɓi, rama, gumin dare, mutuwar ƙafafu ko ciwon ƙirji, don Allah ku ajiye gora ku tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba ku. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.