Yadda ake gano abin da ke sa inji jijjiga, da yadda ake shawo kanta

Babu injin da ke juyawa ba ya ɗan jijjiga. Abin tsoro shi ne ta ƙaru, domin ita ce ke cinye boris (ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa), ta kwance noti, ta tsaga walda. Da yawa da sun ji inji na karkarwa sai su cusa masa roba a ƙasa. Wannan ɗaure ciwo ne da tsumma ba a wanke shi ba. A nemo tushen matsalar tukuna.

Da farko ka auna. Ɗora na'urar auna jijjiga a kan gidan boris, ba a kan murfi ba, ka karanta ta fuska uku: a tsaye, a kwance, da kuma ta tsawon shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar inji. Ana ƙidaya ƙarfinta da milimita a sakan, kamar yadda ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna jijjigar inji, ISO 20816, ta tsara. Rubuta abin da ka samu, don adadin yau ba shi da amfani sosai sai an gwada shi da na watan jiya.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake, ka san sau nawa take kaɗawa a sakan. Injin da ke juyi 1,500 a minti yana juyi 25 a sakan. Idan jijjigar ta fi ƙarfi daidai kan 25, galibi nauyi ne ya rinjayi gefe ɗaya: ƙura ta daskare a fiffiken fanka, ko wani yanki ya ɓalle. Kada ka raina wannan. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin da wannan ɗan nauyi ke fizgar shaf da shi ninkawa huɗu yake yi. Idan kuwa ta fito kan 50, kuma tana tura injin gaba da baya ta tsawon shaf, duba haɗin injin da famfon da yake ja, da wuya ba su kauce wa layi ba. In ka ga 25, 50, 75, 100 a jere, wani abu ya saki. Boris da ya fara lalacewa shi kuma a adadin da ya zarce waɗannan nesa ba kusa ba yake bayyana, da siririyar ƙara kamar ana niƙa yashi.

Na uku, kashe injin ka tsaya ka lura. Jijjigar da ta ɗauke nan take da yanke wuta daga ɓangaren lantarki take. Wadda ta ƙaru a wani mataki yayin da gudun ke raguwa, sannan ta lafa, tana nuna saurin injin ya yi daidai da saurin kaɗawar da gindinsa ke da shi na asali. Irin haka ta faru da gadar Millennium ta Landan: an buɗe ta a Yunin 2000, takun masu tafiya ya dace da kaɗawarta, aka rufe ta bayan kwana biyu, sai a 2002 aka sake buɗewa bayan an saka na'urorin shanye girgiza. A wajen inji, ƙarfafa gindin da ƙarin ƙarfe, ko ƙara masa nauyi, ko sauya gudun.

Sai gyara. Cire wuta gaba ɗaya ka kulle makunnin kafin ka sa hannu. Goge fiffike, ɗaure notuna, daidaita layin shaf. Kwance notin ƙafafun injin ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar da ta ɗaga ba ta zauna ba, cika ƙarƙashinta da siririn ƙarfe, kada ka matse ta da ƙarfin tsiya.

Roba ko sifirin su ne na ƙarshe, kuma da lissafi ake zaɓensu. Ba sa rage komai sai saurin jijjigar ya wuce na kaɗawarsu sau 1.4, ƙasa da haka ma ƙara ta suke yi. Ni na fi son a kai ninki uku. Sifirin da nauyin inji ya lotsa milimita 10 yana kaɗawa kusan sau 5 a sakan, ya ishi injin da ke kan 25. Bututun da ke manne da injin ma a sa masa haɗi mai lanƙwasa, in ba haka ba ta nan jijjigar za ta bi ta shiga bango.