Yadda Ake Gina Murhun Itace Mai Bututun Hayaƙi a Gidajen Zangon Kumasi

Duk wanda ya ratsa lungunan Aboabo ko Asawase da asuba ya ga matan da ke dama koko ko dafa wake da shinkafa na sayarwa suna share hawaye da gefen zani, ga bangon da ke bayan tukunya ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Gas ya yi wa mai babbar tukunya tsada, shi ya sa har yau itace bai bar madafanmu ba, kuma da yawa sun fara tunanin gina murhu na dindindin wanda zai fitar da hayaƙi ta sama.

Kafin a sayi bulo ko ɗaya, a fara zaɓen wuri, kuma idan gidan haya ne a nemi yardar mai gida da maƙwabtan tsakar gida, tun da rufi ɗaya ne ya haɗa kowa. Madafar da ke gefen tsakar gida ta fi dacewa, ba ɗakin kwana ba, ba kuma barandar da ke manne da tagar wani ba. A bar tazarar kusan santimita 90 tsakanin jikin murhu da duk abin da ke iya kamawa da wuta, kamar ƙofar katako, kabad, ko tarin itacen kansa, sannan a fitar da tukunyar gas da galan ɗin kananzir daga ɗakin gaba ɗaya. Dole ɗakin ya kasance da taga ko ramukan iska da ba a toshewa, domin wutar da ba ta samun iska sosai tana fitar da gubar da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri, wani lokaci ya kwanta bai tashi ba.

Ƙasan murhu ya zama daɓen kankare ko jeren bulo, kuma daɓen ya zarce bakin wuta da kamar santimita 45 saboda garwashin da ke faɗowa in an tura itace. A gaya wa magini tun farko cewa ramin wutar da jan bulo gasasshe za a yi shi, a haɗa shi da yumɓu da yashi, don bulon siminti da muka saba gini da shi yana tsagewa idan zafi ya daɗe yana dukansa. Bakin da tukunya za ta zauna a auna shi da ita tukunyar da za a riƙa girki da ita, ta yadda za ta nutse ciki, a bar ɗan fili mai kaurin yatsa a kewayenta inda harshen wuta zai bi kafin ya kai ga bututu.

Bututun nan shi ne inda na fi so mai karatu ya tsaya ya natsu. Masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, za su naɗe maka shi cikin yini guda, mai faɗin inci 4 zuwa 6 gwargwadon girman murhu, amma ka dage a kan baƙin ƙarfe mai kauri ko wanda ba ya tsatsa, kada ka yarda da ragowar kwanon rufi, domin farin shafen da ke jikin kwano yana fitar da tiriri mai cutarwa in ya yi zafi, kuma ba ya daɗewa sai ya huje. Bututun ya miƙe sama sosai, ba tare da lanƙwasa mai yawa ba. Inda zai huda rufi kuwa, a nan ne gidaje ke kamawa: bututu mai bango ɗaya yana buƙatar tazarar kusan santimita 45 daga katakon rufi da silin, musamman silin roba da ya cika gidajenmu yanzu, wanda narkewa yake yi ya ɗigo da wuta. Na taɓa ganin aikin wani magini da ya jingina bututu da irin katakon nan da ake kira wawa kai tsaye, ya ce ai hayaƙi ne kawai ke bi ciki. Ba a yi wata uku ba katakon ya zama gawayi, kana taɓa shi yana marmashewa, Allah ne kawai ya kiyaye. Idan wurin ya yi ƙunci, a yi bututu mai bango biyu da abin tare zafi a tsakani, ko a gina wannan sashen da jan bulo. A waje kuma, kan bututun ya haura rufi da santimita 90, ya kuma ɗara duk abin da ke cikin mita 3 kusa da shi da santimita 60, a ɗora masa hula saboda ruwan Kumasi da ke zuwa sau biyu a shekara, a kuma toshe kewayen hudar da farantin ƙarfe don kada ya yi yoyo.

Idan an gama gini kada a yi gaggawar ɗora sanwa. A bar yumɓun ya bushe sati biyu zuwa uku, fiye da haka in damina ce, sannan a fara da ƙaramar wuta ta ƙirare kwana biyu ko uku, ana duba ko hayaƙi na ɓullowa ta wata tsaga ko yana dawowa ta bakin murhu.

Itacen ya zama busasshe, domin ɗanye shi ne ke tara kunkunniya mai danƙo a cikin bututu, ita kuwa kamawa take yi da wuta in ta yi kauri. Kada a ƙona katako mai fenti, leda ko roba, kada kuma a hura wuta da fetur. Mai girkin sayarwa ta sa a kankare cikin bututun duk wata, musamman gab da hunturu lokacin da komai ya bushe ƙayau. Toka a kwashe ta cikin bokitin ƙarfe a ajiye a waje, tun da garwashi na iya kwana a cikinta da ransa, a kuma tanadi bokitin yashi kusa da ƙofa, sannan a rubuta lambar 'yan kwana-kwana, 192 ko 112, a bangon madafa inda yaro ma zai iya karantawa.