Kurakuran da masu tara tsofaffin finafinan dodanni suke ta maimaitawa

Jama'a na gaji wallahi. Duk wanda ya fara sha'awar tara tsofaffin finafinan nan na dodanni da halittun sama jannati, irin na baƙi da fari ɗin nan, sai ya bi ta kan kurakurai iri ɗaya kamar an haɗa baki, kuma in ka yi magana a ce ai fim ne kawai. Toh fim ne, amma binciken da ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinansu marasa magana sun ɓace kwata-kwata, mutane irinmu ne suka riƙa cewa "ai fim ne kawai" har suka tafi.

Babban laifin, wanda har yau in na tuna raina ɓaci yake, shi ne yar da tsohon kwafi don an samu mai kyau. Lokacin da shagunan haya suke rufewa na sayi kwalayen kaset na bidiyo a araha, cikinsu akwai abubuwan da aka ɗauka daga talabijin tun shekarun 1980, na kai wa wani yaro mai tura finafinai a kasuwa ya juye min su a had disk, shi kuma don su shiga sai ya matse su yadda ya ga dama, ni ban duba ba, na ga hoto na fitowa na ce shikenan, na kira ƴan gwangwan suka kwashe kaset ɗin. Bayan ɗan lokaci disk ɗin ya fara wani ƙas-ƙas-ƙas in an jona shi, daga nan bai ƙara tashi ba. Ba kaset ba kwafi. Wasu na sake samu, amma waɗanda suke da yankan gidan talabijin da tallan da ke tsakani, su ɗin sun tafi kenan.

Kuma kar wani ya ce min tsohon kwafi mai zane-zane ba shi da amfani. Metropolis, fim ɗin Jamus na darakta Fritz Lang, na 1927, an datse shi tun bayan fitowarsa, shekaru tamanin duniya na kallon guntu, sai a 2008 aka gano wani kwafi na milimita 16 a gidan tarihin sinima na Buenos Aires a Ajantina, duk ya ƙoƙe ya sha karce, amma a cikinsa aka samu wajen minti 25 da aka ɗauka sun tafi har abada, aka haɗa aka nuna a Berlin a 2010. Ga na gida ma: BBC da kanta ta goge ta kuma zubar da tsofaffin shirye-shiryenta na Doctor Who, a 2013 aka sanar cewa wani mai suna Philip Morris ya tarar da gwangwanayensu a kan kanta a wani gidan talabijin a Jos, kashi tara da aka yi ta nema, har da yawancin The Web of Fear mai dodannin nan a cikin ramin jirgin ƙasan Landan. Da wani ma'aikaci mai son tsafta ya share ɗakin nan fa? Ni dai ƙa'idata yanzu, ko na samu Blu-ray ba na yar da kaset, ko ya yi muni ya zauna.

Na biyu, ku masu "gyara" fim da manhajar AI, ku ji tsoron Allah. Tsaki-tsakin nan da kuke gani a hoton ba datti ba ne, jikin fim ɗin ne, da shi aka ɗauka. Kun bi kun goge shi fuskar Boris Karloff, ɗan wasan da ya fito a matsayin dodon Frankenstein, ta koma sumul kamar amaryar da aka cika wa hoda, kun zuba kala, kun ƙara gudun hoto, sannan kun yanke sama da ƙasa don ya cika allon waya alhali finafinan lokacin kusan murabba'i suke, kan dodo ma a yanke. Duhun da mai kyamara ya sa da gangan don kar ka ga komai ka ji tsoro, kun haska shi har ana ganin ɗinkin rigar roba. Wannan rigimar ba sabuwa ba ce, a shekarun 1980 an yi ta sa wa tsofaffin finafinai kala a Amurka, har Night of the Living Dead bai tsira ba, hayaniyar ce ta kai ga dokar adana finafinai ta 1988, wadda a ƙarƙashinta ake zaɓar finafinai 25 duk shekara don a adana su. In wasa kake so ka yi, ka yi a kan kwafi, ka rubuta a sunan cewa ka taɓa shi, asalin ka bar shi yadda ya zo. Haka masu ɗora fassarar Hausa, ba na faɗa da ku, ina kallo ma, amma dan Allah a daina danne sautin asali a goge.

Sai ajiya. Mutum ya samu faifan majigi ya cusa a akwatin ƙarfe ya kulle a sito ƙarƙashin kwano, a zafin watan Afrilu, wai ya adana. In ka buɗe gwangwani ka ji tsami irin na ruwan kal ya bugi hancinka to fim ɗin ya fara cin kansa, zai motse ya kanannaɗe, ba a dawo da shi, kuma tururin yana kama na kusa da shi. Ware shi nan take, shi za ka fara kaiwa a juye. Sanyi da bushewa ne kawai ke rage masa gudu, ni ɗaki mafi sanyi a gidan nake ba su, nesa da bangon da rana ke duka, gwangwanaye a kwance, kaset a tsaye. Da damina ina duba tagar kaset ɗin, in na ga farin fumfuna a jikin zaren ba na sa shi a bidiyo, don zai shafa wa kan injin ya bi sauran.

In kuma faifan mai faɗi ne na milimita 35 daga kafin 1951, duba gefensa, in an rubuta NITRATE kar ka kuskura ka sa a majigi ko ka kwana da shi a ɗaki, in ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi, irinsa ne ya cinye ma'ajiyar kamfanin finafinai na Fox a New Jersey a 1937. Wannan aikin ma'adanar finafinai ne irin ta ƙasa da ke Jos, ba naka ba.

Ƙananan kuwa: tura fim ta WhatsApp ba adanawa ba ne, matse shi yake. Disk ɗaya ba ajiya ba ne, ni biyu nake yi, ɗaya a gidan yayana, kuma duk bayan watanni ina kunna su in gani. Faifan DVD na kasuwa da ake cusa finafinai goma a ciki, kar ka dogara da shi.

Sunan fayil ma mutane sun mayar da shi wasa, "dodo.mp4", wane dodon? Gojira na Japan na 1954 daban, wanda Amurkawa suka yanke suka cusa ɗan wasa Raymond Burr a 1956 daban, an rage masa zafin maganar bam ɗin nukiliya. Frankenstein na 1931 akwai kwafin da aka cire wurin da dodon ya jefa yarinya a tafki, akwai wanda aka mayar. Rubuta shekara, ƙasa, tsawon minti da inda ka samo, a fayil da kuma jikin kwalin, da maka mai kyau ba biro ba don biro yana dushewa.